Ƙaramar Jif Tsakanin Kwalta da Burji: Abin da Ke Ƙarƙashinta Ake Dubawa

A wajen dillalan motoci, duk motar da ta ɗan ɗaga daga ƙasa kuma aka yi mata ƙofa ta biyar a baya, sunanta jif. Za ka tarar da RAV4 biyu 'yan 2010 a jere, launi ɗaya, inji ɗaya, kujeru iri ɗaya. Durƙusa ka leƙa ƙarƙashinsu. A cikin ɗaya za ka ga wani dogon ƙarfe ya taso daga bayan giya ya nufi tayoyin baya, shi ne farfela. Ɗayar kuwa babu komai a wurin sai bututun salansa. Ta farko tana iya ja da ƙafa huɗu, ta biyu tayoyin gaba ne kawai ke janta, kamar Corolla. A kan titin Kano zuwa Zariya ba za ka taɓa gane bambancinsu ba. Ranar da za ka gane ita ce ranar da ruwan Agusta ya kwana yana zuba, ka bar kwalta da kilomita shida, hanya ta koma kunu.

Asalin waɗannan motoci shi ke bayyana halinsu. Toyota ta fito da RAV4 a 1994, Honda ta biyo da CR-V a 1995, Subaru ta kawo Forester a 1997. Ba daga Land Cruiser ko Patrol aka rage su ba. An ɗauki kayan ƙananan motocin gari ne aka ɗaga su: CR-V daga Civic, Forester daga Impreza. Bodinsu da shasinsu abu ɗaya ne a haɗe, ba kamar Hilux ba da aka ɗora bodi a kan ƙarfen shasi mai zaman kansa. Wannan ne ya sa ba su da nauyi, ba su cika shan mai ba, suna da daɗin tuƙi a kwalta, kuma shi ne ya sa suke da iyaka a daji. Saboda haka tambayar ba "wacce ta fi" ba ce. Tambayar ita ce: wane yanki ne mafi muni a hanyar da kake bi, a wane wata yake kai ƙarshen muninsa, kuma sau nawa kake ratsa shi a shekara?

Hanyar da ba kwalta ba iri-iri ce, kowace da abin da take nema a wurin mota. Burji mai gargada, irin wanda ya haɗa yawancin ƙauyuka da babban titi, ba ya buƙatar ja da ƙafa huɗu ko kaɗan a lokacin rani. Abin da yake ci shi ne shokozoba, bushin, boljoyin da taya. Yashi mai zurfi, irin na Yusufari da Machina a Yobe ko na ƙasar Damagaram, yana neman mota mara nauyi, taya mai faɗin taku, da giyar da ba ta yin zafi da wuri. Lakar fadama da baƙar ƙasar firgi ta wajen Dikwa suna neman taya mai haƙora da tsayin ciki. Hawan dutse, kamar wanda ake yi daga Serti zuwa Gembu a tsaunin Mambila, yana neman ƙarfin ja a ƙaramin gudu da birkin da ba ya gajiya a gangara. Wanda ya sayi mota don yashi ba lallai ta yi masa amfani a laka ba.

Tsayin ciki

Yawancin motocin da ke kafewa a hanyar ƙauye ba rashin ƙarfi ne ke kafe su ba. Cikinsu ne ke zama a kan tudun tsakiya, wato doron ƙasar da ke tsakanin sawun tayoyin tifa da tarakta, sai tayoyin su rataya suna juyawa a banza. Idan ciki ya zauna, ko da ƙafa takwas motar ke ja ba za ta motsa ba. Don haka kafin a je kasuwar mota, a je hanyar da ma'auni. A ɗora miƙaƙƙen katako a kan doron, a auna daga katakon zuwa ƙasan sawun taya a wurin da ya fi zurfi. Wannan adadi shi za a riƙe a kai.

Ga yadda motocin suke, a ƙirar Amurka wadda ita ta fi yawa a cikin tokumbo. RAV4 ta 2006 zuwa 2012 tana da kimanin santimita 19 daga ƙasa. Wadda ta biyo ta, ta 2013 zuwa 2018, an saukar da ita zuwa wajen 16, wato da kaɗan ta ɗara Corolla mai kusan 15, duk da cewa a ido ta fi tsohuwar girma da kyau. A 2019 aka sake ɗaga ta zuwa wajen 21. CR-V ta 2007 tana wajen 18 da rabi. Forester daga 2009 zuwa sama tana da 22, Grand Vitara ta Suzuki wajen 20; Duster ta Renault mai ja da ƙafa huɗu da Jimny ta Suzuki, waɗanda ba ƙirar Amurka ba ne, kowacce 21. Sabuwa ba kullum take fin tsohuwa ba a wannan fanni, kuma mutane da yawa sun sauya RAV4 ta 2010 da ta 2015 suka ga hanyar da suke wucewa da can yanzu tana kartar musu ciki.

Waɗannan alƙaluma na mota ce sabuwa, babu kowa a ciki. Motar da ta shekara goma sha biyar sifirin ɗinta ya riga ya kwanta. A zuba mata mutum biyar da kaya, sai ta ƙara sauka da santimita biyu zuwa uku, wani lokaci fiye. Akwai kuma bambancin ƙira: a Jimny tayoyin hagu da dama suna kan ƙarfe ɗaya miƙaƙƙe, don haka wurin da ya fi kusa da ƙasa ba ya sauka ko an yi lodi. A RAV4 da CR-V da Forester kowace taya da hannunta, idan motar ta faɗa rami ta dunƙule, cikin gaba ɗaya yana sauka ya daki ƙasa. Abin da ke fara dakuwa kuwa tukunyar baƙin mai ce da salansa. Robar da kamfani ya lulluɓe ƙasan inji da ita ƙura da ruwa kawai take tarewa. Farantin ƙarfe mai kaurin milimita 3, ko na alminiyom mai 5 zuwa 6, da aka ɗaure a jikin ƙarfen da ke riƙe da inji, an bar masa ƙofar juye mai da ramukan iska, yana cikin abubuwa mafi arha da ke ceton inji.

A duba har da tsawon hancin mota, wato nisan da ke tsakanin tayar gaba da ƙarshen bamba. Idan hancin dogo ne kuma ƙasa-ƙasa, shi zai fara caka ƙasa wajen fita daga rafi ko hawa bakin kwalbati. Jimny tana iya tunkarar hawan da ya kai digiri 37 ba tare da bamba ta taɓa ba, ta sauka daga mai digiri 49. Sababbin ƙananan jif na gari da yawa ba su kai 20 a gaba ba.

Ja da ƙafa huɗu ba iri ɗaya ba ne

Nan ne aka fi yin kuskure, domin rubutun AWD ko 4WD da ke bayan mota yana rufe tsari uku mabambanta.

Wanda ya fi yawa shi ne na RAV4 daga 2006, da CR-V, X-Trail, Tucson da Sportage. Motar tana tafiya da tayoyin gaba, sai idan an ji sun fara sulɓewa wani ƙaramin kulochi da ke gab da bak-aksil ya kama, ya tura wani kaso na ƙarfin zuwa baya. A jiƙaƙƙiyar kwalta, da burji bayan ruwa, da ɗan gajeren yashi, wannan ya wadatar sosai. Matsalarsa zafi. Kulochin ƙarami ne, an yi shi don ya yi aiki na ɗan lokaci. Idan aka yi minti goma ko sha biyar ana fama a yashi mai zurfi, sai ya ɗau zafi, kwamfutar mota ta sake shi don kada ya ƙone, fitila ta fara ƙiftawa a dashbod, motar ta koma mai jan gaba kawai a daidai lokacin da ake buƙatar bayan. Maganin shi ne a tsaya a bar shi ya huce, ba a ƙara taka totur ba. RAV4 ta 2006 zuwa 2018 tana da maɓallin Lock da ke sa kulochin ya kama tun kafin a sulɓe, amma yana sakin kansa da zarar gudu ya wuce kilomita 40 a awa. X-Trail ma tana da abin murɗawa mai 2WD, Auto da Lock. CR-V ta waɗancan shekaru ba ta da wannan, kuma har zuwa 2011 tsarinta na famfo biyu ne da matsin mai ke tayarwa, sai gaba ya riga ya sulɓe kafin baya ya amsa. A yashi wannan ɗan jinkiri ya isa tayar gaba ta haƙa wa kanta rami.

Na biyu shi ne wanda tayoyi huɗu ke ja kullum, kamar na Forester. Ya fi natsuwa a hanya mai santsi domin babu jiran komai. Sharaɗinsa tayoyin huɗu su zama girma ɗaya, iri ɗaya, cinyewarsu kusan ɗaya. Wanda ya sa sababbi biyu a gaba ya bar tsofaffi a baya, ko ya haɗa 225/65 da 225/60, yana sa na'urar tsakiya aiki ba hutu har ta lalace.

Na uku shi ne mai ƙaramar giya, wadda direbobi ke kira ogzilari, mai alamar 4L. Ita ce ke raba jif ta gaskiya da motar gari mai tsayi. Aikinta ta rage gudu kusan rabi ta ninka ƙarfin ja, yadda mota za ta hau dutse ko ta fita daga laka a hankali kamar mai tafiya a ƙasa, ba tare da an ƙona kulochi ko an dafa man giya ba. A gangara kuma inji ne ke riƙe motar, ba birki ba. A cikin ƙananan jif kaɗan ne ke da ita: Jimny, tsohuwar Vitara, Grand Vitara ta 2005 zuwa wajen 2014, da Jeep Cherokee Trailhawk ta 2014 zuwa sama, wadda har makullin tayoyin baya gare ta. Ko a Grand Vitara ba kowacce ba, domin an kai Amurka masu jan baya kawai da masu ƙafa huɗu marasa 4L. A nemi abin murɗawa mai rubutun 4L Lock a gaban direba. Grand Vitara da aka fara ƙerawa a Indiya a 2022 suna kawai suka haɗa, ba ta da ƙaramar giya.

Mai Jimny ko tsohuwar Vitara ya kiyaye abu ɗaya: ba a sa 4H, wato ja da ƙafa huɗu a babbar giya, a busasshiyar kwalta. A wannan tsari gaba da baya a ɗaure suke, dole su juya daidai, alhali a kwana tayoyin gaba sun fi na baya tafiya. A ƙasa taya tana ɗan zamewa ta sauke matsin. A kwalta ba ta zamewa, sai matsin ya taru a farfela da giya, sitiyari ya yi tauri, ƙarshe wani abu ya karye.

Akwai wani abu kuma da ke ba sababbin masu jif mamaki. Mota tana ja da ƙafa huɗu, amma ta tsaya cak, tayar gaba ta hagu da ta baya ta dama suna juyawa, sauran biyun ko motsi. Ba lalacewa ba ce. Akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin hagu da dama yana bin tayar da ta fi sauƙin juyawa ne. Motocin zamani suna magance wannan da birki: kwamfuta ta matse tayar da ke juyawa a banza, ƙarfin ya koma ɗayar. Amma sai direba ya riƙe totur a tsaye na 'yan daƙiƙoƙi kafin ta gane. Wanda ke takawa yana saki ba ya ba ta dama. A yashi kuwa akasin haka ake so: a kashe na'urar hana sulɓi da maɓallinta, domin tana rage ƙarfin inji a lokacin da motar ke buƙatar ci gaba da tafiya.

Giya da inji

Otomatik ta gargajiya, mai giya huɗu, biyar ko shida, ita ta fi dacewa da yawancin mutane. Tana tashi a hankali, ba ta yanke ƙarfi wajen sauya giya, kuma makanikanmu sun san ta. CVT daban ce: bel ko sarƙar ƙarfe ce ke gudana tsakanin faifai biyu. Tana rage shan mai a kwalta, amma ba ta son a riƙa girgiza mota gaba da baya don fita daga rami, ba ta son jan nauyi a ƙaramin gudu, kuma zafi ne babban maƙiyinta. Ita ce a Nissan Rogue, da yawancin X-Trail masu fetur daga 2007, da Forester otomatik daga 2014, da CR-V ta Amurka daga 2015. Wanda hanyarsa yashi ce kullum ya yi nesa da ita. Wanda ya riga ya saya ya tabbata man da ake zuba mata nata ne: NS-2 ko NS-3 a Nissan, HCF-2 a Honda. Man giyar otomatik na gama-gari yana kashe ta cikin watanni. Giyar hannu tana da juriya, amma idan babu 4L kulochi ne ke biyan kuɗin kowane hawa. Renault ta rage wannan a Duster da ta sa mata giya ta ɗaya gajera ƙwarai, wadda ke ɗan maye gurbin ogzilari.

A inji, mai lita 2.0 zuwa 2.5 mara turbo shi ya fi haƙuri da irin fetur da baƙin man da ake samu a hanya. A RAV4, injin 2.4 na 2006 zuwa 2008 an san shi da shan baƙin mai saboda zoben fistin, na 2.5 da ya gaje shi a 2009 ya fi shi lafiya. Mai V6 lita 3.5 yana da ƙarfin doki 269, ya fi abin da hanyar ƙauye ke buƙata, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa ya san abin da ƙarin silinda biyu ke nufi a aljihu. RAV4 ta 2001 zuwa 2003 tana da matsalar kwamfutar da ke sa giya bugawa har ta lalata ta. Tsohon injin Subaru mai lita 2.5 yana yawan ƙona gasket. Mai silinda huɗu zai sha kimanin lita 9 zuwa 11 a kilomita 100 idan an haɗa gari da babban titi, amma a yashi mai zurfi yana iya ninkawa. Tankin RAV4 ta 2006 lita 60 ne, na Jimny 40, sai a yi lissafi da nisan gidan mai na gaba.

Zafin Afrilu da Mayu a Sakkwato ko Maiduguri yana haura digiri 40, kuma tafiya a hankali cikin yashi tana hana iska shiga lagireto. Cire tamostat da zuba ruwan rijiya ba magani ba ne, tsatsa da toshewa suke jawowa. A wanke lagireto, a tabbata fankoki biyu suna tashi, a zuba ruwan sanyaya inji na gaskiya. Filtar iska a lokacin hunturu a riƙa duba ta duk bayan doguwar tafiya a burji.

Taya

Da za a ce a zaɓi abu ɗaya da za a kashe wa kuɗi bayan saye, taya ce. Mai jan gaba kawai da ke kan taya mai kyau takan wuce inda mai ƙafa huɗu da ke kan sulɓaɓɓiyar taya ta kafe. A jikin taya za a ga H/T ta kwalta, A/T ta kwalta da ƙasa, ko M/T ta laka zalla. Ga motar da ke raba lokacinta gida biyu, A/T ce daidai: gefenta ya fi kauri, ƙaya da tsinin dutse ba su cika huda ta ba. Farashinta ɗan ƙarin ƙara a titi, ɗan ƙarin shan mai, da ɗan ƙarin nisan tsayawa a jiƙaƙƙiyar kwalta. M/T tana kuka a babban titi kuma riƙonta a ruwan sama bai kai ba.

Babban rim ado ne a gari, asara ne a burji. Taya 225/65 R17 tana da gefe mai tsayin milimita 146, ita kuwa 235/55 R18 tana da 129. Wannan gefe shi ke shanye duka kafin ya kai ga rim da shokozoba. Idan mota ɗaya ta zo da rim 17 da 19, mai zuwa ƙauye ya ɗauki 17. A karanta shekarun taya a lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Wadda ta haura shekara shida ba abin dogaro ba ce a zafinmu ko da haƙoranta na nan.

Iska kuma a bi takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba, galibi 30 zuwa 33 a ma'aunin PSI. Masu faci da yawa suna ɗura 45 ko 50, abin da ke sa mota tsalle a gargada, ta rasa riƙo a kwana, taya ta cinye ta tsakiya. A dogon burji a sauke zuwa 26 ko 28 a kuma rage gudu. A yashi a sauke zuwa 18 ko 20, takun taya ya yi tsawo ta hau saman yashin maimakon ta nutse. Ƙasa da 15 taya na iya zamewa daga rim a kwana. Da an dawo kwalta a mayar da iskar nan take, domin gudu da taya mai laushi shi ke sa ta yi zafi ta fashe. Wannan ya sa ƙaramin famfon iska mai aiki da batir da ma'aunin iska suka zama dole, tare da shebur, igiyar ja mai ƙarfi, da katakon da za a ɗora jak a kai. A duba safaya ma. RAV4 har zuwa 2012 galibi tana ɗauke da cikakkiyar taya a ƙofar baya. Daga 2013 siririya ce a ƙarƙashin but, wadda ba a wuce kilomita 80 a awa da ita, kuma ba ta da amfani a laka.

Kada a manta yawancin kilomitocin motar a kwalta za ta yi su. Ta fi ƙaramar mota tsayi, don haka ta fi saurin karkata idan aka kauce wa rami ko dabba da gudu. Na'urar daidaita mota a kwana, wadda Toyota ke kira VSC, Honda ke kira VSA, tana ceton rai a nan, kuma Amurka ta wajabta ta a motocin 2012 zuwa sama. Lodi a saman rufi yana ƙara haɗarin. Yawancin ƙananan jif nauyin da aka yarda su ɗauka, mutane da kaya, bai wuce kilo 400 zuwa 500 ba. Manya biyar da buhun masara ɗaya mai kilo 100 sun cika shi. A nan ne Jimny ke biyan bashin ƙwarewarta a daji: kujeru huɗu, but kusan babu a mai ƙofa uku, iska na kaɗa ta a babban titi, kuma taurari uku ta samu a gwajin haɗari na Turai a 2018. Mota ce ta ma'aikacin gona ko na lafiya da ke shiga lungu shi da abokin aiki, ba ta mai iyali da ke bin Kaduna zuwa Abuja duk mako ba.

Ga wanda kwalta ce kashi tara cikin goma na tafiyarsa, sauran kuma burji ne zuwa garinsu, RAV4 mai injin 2.5 ta 2009 zuwa 2012 mai ƙafa huɗu, ko CR-V ta wannan zamani, a kan A/T da farantin ƙarfe a ƙasa, ta isa har ta yi saura. Hujja mafi ƙarfi a nan kayan gyara ne: abin da ya lalace za a same shi a Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja a rana ɗaya. Forester ta fi su iya hanya mai santsi da tsayin ciki, amma sai an tabbatar akwai makanikin da ya san injinta a kusa. Grand Vitara mai 4L ita ce tsaka-tsakin gaskiya ga mai hawan dutse da laka, ko da yake ta fi su shan mai da tauri a titi. Cherokee Trailhawk tana da iyawa, sai dai giyarta mai hawa tara da yawan kayan lantarkinta ba abin da za a kai garin da babu na'urar bincike ba ne. Wanda kuwa zai riƙa ɗaukar taki da amfanin gona a fadama, ko ya nufi hamada bayan Agadas, ya san ruwa ba sa'an kwando ba ne. Wannan aikin Hilux ne da Land Cruiser.

Ranar saye a kai motar kan rami a shiga ƙarƙashinta da tocila. A ga farfela da ido, domin akan cire ta idan ta fara ƙara ko bak-aksil ya lalace, a bar rubutun 4WD a baya. A duba robobin shaf ko sun yage suna zubar da giris. A ƙwanƙwasa ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya, saboda motocin da suka fito daga Kanada da arewacin Amurka gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara yana cinye su daga ciki. A ɗaga kafet, a ja bel ɗin kujera har ƙarshe, a duba ƙarfen da kujera ke gudu a kai: tabon laka ko tsatsa a nan alamar motar ambaliya ce. A murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba, a ga fitilun ABS, 4WD, jakar iska da na inji duk sun kama sannan sun mutu bayan an tayar. Wadda ba ta kama ba sam, wataƙila an cire ta ne. A sa na'urar bincike, a kuma bi lambar shasi mai harafi da lamba 17 a ga tarihin motar, a gwada ta da takardun kwastan. A guji wadda aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu. Sannan a nemi fili a murɗe sitiyari har ƙarshe a zagaya a hankali hagu da dama: ƙas-ƙas daga gaba shaf ne, gurnani daga bayan CR-V yawanci man bak-aksil ne ya tsufa ko aka zuba wanda ba nata ba. A ƙarshe a tsaya a kan yashi a tashi da ɗan ƙarfi, wani yana tsaye a gefe yana kallo ko tayoyin baya sun tura.

Ruwa shi ne wurin da ko mafi kyawun zaɓi ba ya ba da izini. Bakin da inji ke shaƙar iska a yawancin waɗannan motoci yana bayan fitilar gaba ne ko a saman lagireto, kuma ɗan ruwa kaɗan idan ya shiga silinda ya isa ya lanƙwasa ƙarfen fistin. Idan ruwa ya wuce tsakiyar taya, a tsaya a auna da sanda tukuna. Idan mai gudu ne a ƙara kiyayewa, domin zurfin santimita 30 yana iya ɗaga ƙaramar mota, 60 kuma yana tafiya da jif. In an shiga, a tafi da giya ta ɗaya a hankali ba tsayawa. In inji ya mutu a ciki, kada a sake murɗa makulli, a jawo motar waje, a cire fulogi a fitar da ruwan. Bayan an haye a taka birki sau da yawa ya bushe. Bak-aksil mai zafi idan ya shiga ruwan sanyi yana zuƙo ruwa ta ƙaramar ƙofar numfashinsa, don haka a cikin makon a kwance ƙusar a duba man. Idan ya koma fari-fari kamar koko, a juye shi a zuba sabo kafin a sake doguwar tafiya.